Sushi mai yaji a Japan: shagon unguwa, mai bel, ko na manyan kuɗi?

Duk wanda karatu ko kasuwanci ya kai Tokyo ko Osaka, ba zai daɗe ba wani zai ce masa su je cin sushi, wato dunƙulen shinkafa mai ɗan tsami da ake haɗawa da kifi, yawanci ɗanye. Bahaushe kuwa abu biyu ne ke fara faɗo masa a rai. Na farko, ɗanyen kifin nan ya halatta, kuma ba zai ɓata ciki ba? Na biyu, abincin da babu barkono ta ina zai wuce? Amsar ta dogara ne da ƙofar da ka shiga, domin shagunan sushi kala-kala ne, kuma kuɗin da za ka ci ka ƙoshi sau ashirin a wani shagon, a wani zama ɗaya ne.

Wurare biyar zan gwada: shago mai bel (inda faranti ke zuwa gaban masu ci a kan bel mai tafiya), tsohon shagon unguwa, sabon shagon unguwa mai naɗin yaji (sushi da aka naɗe da barkono a ciki aka yanka guntu-guntu), shagon omakase (inda mai shago ke zaɓa maka abin da za ka ci), da kantin sayar da kayan abinci.

Ma'aunan da za a duba

Yaji shi ne na farko, kuma nan ake yawan samun rashin fahimta. Sushin gargajiya na Japan da wuya ya ɗauki barkono. Zafinsa daga wasabi yake, wato koren saiwar wani tsiro da ke son ruwa mai sanyi mai gudu, wanda aka fi nomawa a Shizuoka da Nagano. Zafin barkono yana zama a harshe ya daɗe. Na wasabi hanci yake hawa, ya kawo ƙwalla, ya wuce cikin ɗan lokaci. Ko bayan an goge saiwar, ƙarfinta ba ya wuce kamar minti 15 zuwa 20. Saboda tsadarsa, koren abin da ake ba ka a shagunan araha yawanci wata farar saiwa ce mai kama da shi a zafi aka sa wa launi, wani lokaci da ɗan wasabi na gaske a ciki. Naɗin kifin tuna mai barkono da mayonis da ake gani a hotuna kuwa a Amurka aka ƙirƙiro shi wajajen shekarun 1980, daga baya ya shigo Japan a matsayin baƙo.

Amma Japan tana da nata barkonon. Akwai ichimi, garin jan barkono zalla. Akwai shichimi, haɗin abu bakwai da ya ƙunshi barkono da riɗi da ɓawon lemo. Akwai yuzu kosho na tsibirin Kyushu, ɗanyen barkono da ɓawon lemon yuzu da gishiri aka kirɓa, wanda a ganina shi ne mafi kusa da abin da harshenmu ke nema. Akwai kuma mentaiko, ƙwan kifi da aka jiƙa da barkono, abin alfaharin birnin Fukuoka. Tambayar ita ce wane shago ne zai ba ka waɗannan ba tare da an ɓata rai ba.

Halal shi ne na biyu. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, dabbobin ruwa duk halal ne, da kifi da jatan lande da ƙaguwa da sauransu. Matsalar tana cikin kayan ɗanɗano. Mirin giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasarta ta kai kimanin kashi 14 cikin 100, kuma da ita ake dafa wainar ƙwai ta tamago, da romon da ake shafa wa unagi da anago (kifaye masu siffar maciji), da soyayyen awaran inari, da kanpyo (busasshen yankan duma). Nikiri, wato ruwan da mai sushi ke shafa wa kifi da buroshi, shoyu ne (ruwan waken suya) da aka tafasa da mirin da sake, wadda ita ma giyar shinkafa ce. Ita kanta shinkafar da ruwan khal da sukari da gishiri ake haɗa ta, amma wasu na ƙara mirin ko sake. Shoyu ma, baƙin ruwan waken suya da ake tsoma kifi, yana da ɗan barasa kashi 2 zuwa 3 da ke fitowa wajen ruɓarwa. Malamai sun saɓa kan irin wannan ɗan kaɗan ɗin, don haka ka yi magana da malamin da ka yarda da shi tun kafin ka tashi, ka san matsayarka. Akwai shoyu mai shaidar halal a shagunan Musulmi na unguwar Shin-Okubo a Tokyo da kantin Masallacin Tokyo Camii, kuma ƙaramar kwalba tana shiga aljihu.

Na uku lafiya. Haɗarin da ya fi yawa a Japan shi ne anisakis, wata farar tsutsa siririya mai tsawon santimita 2 zuwa 3 da ke zama a cikin kifin teku, musamman saba (ɗan gidan su titus ɗin da muka sani a kasuwa), da aji, da sanma, da katsuo, da ika (squid, wata halittar teku mai hannaye da yawa). Idan ta shiga ciki da rai, bayan 'yan sa'o'i mutum zai ji murɗar ciki mai tsanani da amai, kuma sau da yawa sai an zura na'ura ta baki an ciro ta. Ma'aikatar lafiya ta Japan ta bayyana cewa daskarewa a ma'aunin sanyi 20 ƙasa da sifili na aƙalla sa'a 24 tana kashe ta, haka ma dafuwa. Gishiri da ruwan khal da shoyu da wasabi ba sa kashe ta, kuma barkono ma ba magani ba ne.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, da sauƙin shiga ga wanda ba ya jin Japananci, da kuma tsawon lokacin da abincin zai iya jira kafin ya lalace. Farashin da zan ambata kimantawa ce, yana motsi.

Shago mai bel

Kaiten-zushi ake ce masa. Yoshiaki Shiraishi ne ya buɗe na farko a Higashiosaka a 1958, bayan ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a wata masana'anta. Yau manyan kamfanonin su ne Sushiro da Kura Sushi da Hama Sushi da Kappa Sushi, kuma kusan kowace unguwa akwai ɗaya. Faranti mafi araha, mai ɗauke da loma biyu, yana farawa daga kimanin yen (kuɗin Japan) 110 zuwa 150. Sushiro ya daina farashin yen 100 da aka san shi da shi a watan Oktoba na 2022. Da yen 1,500 zuwa 2,500 babban mutum zai tashi a ƙoshe.

Wajen sauƙi babu na biyunsa. Allon taɓawa yana da Turanci da hotuna, ka danna, abincin ya zo gabanka, ka biya a na'ura, ba ka yi magana da kowa ba. Manyan kamfanonin ba sa saka wasabi a ciki, suna ajiye shi a ƙananan ledoji, ka zuba yadda kake so. Idan ka fito da kwalbar ichimi ko shoyunka daga jaka ka yi amfani da ita cikin natsuwa a farantinka, da wuya wani ya ɗaga kai. Kifinsu kuma yawanci daskararre ne ko na kiwo, abin da ke rage haɗarin tsutsa sosai.

Raunin yana wajen halal. A bel ɗin nan ana sayar da sushi mai naman alade, da taliyar ramen, da soye-soye, duk daga madafa ɗaya. Kamfanonin suna wallafa jadawalin abubuwan da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kuma alade yana ciki, amma barasa ba ta cikin wannan jadawali. Ma'aikacin da za ka tambaya kan shinkafa sau da yawa ɗalibi ne mai aikin sa'o'i, ba shi ya haɗa ta ba. Ɗanɗanon kuma matsakaici ne: na'ura ce ke dunƙula shinkafar, kifin yanka ne siriri.

Tsohon shagon unguwa

Wannan shi ne wanda na fi so, kuma shi ne ke ƙarewa a hankali, domin masu shi suna tsufa, 'ya'yansu kuma ba sa gadar sana'ar. Za ka gan shi a lungunan Yanaka ko Koenji a Tokyo, ko a kewayen Tenma a Osaka, kusa da doguwar kasuwar Tenjinbashisuji mai tsawon kilomita 2.6. Labule gajere a bakin ƙofa, kanta ta katako mai kujera takwas ko goma, akwatin gilashi da kifin ranar a jere, dattijo a bayan kanta, matarsa na kawo shayi. Kowanne da halinsa. Wani bangonsa cike da hotunan ƙungiyar ƙwallon da maigidan ke goyon baya, wani talabijin na kunne kan kokawar sumo, wani kuma sunayen kifin an rubuta su da hannu a ƙananan alluna, ba hoto ba Turanci.

Da rana ne ribarsa take. Farantin rana mai loma takwas zuwa goma da ɗan naɗi da miya yana kamawa daga yen 1,000 zuwa 2,000, kuma kifin ya fi na bel nesa ba kusa ba. Ana yawan raba farantin hawa uku: nami, jo, da tokujo, wato na talaka, na tsakiya, da na ƙarshe. Bambancinsu tsadar kifin ne, ba ƙwarewar hannu ba, don haka nami ba abin kunya ba ne. Da dare lissafin yana canzawa, yana iya kai yen 5,000 zuwa 10,000. Idan ka ga alamar 時価 kusa da sunan kifi, ma'anarta farashin ranar, sai ka tambaya kafin ka ce a kawo. Da yawansu tsabar kuɗi kawai suke karɓa. Ba a ba da tukuici a Japan, kada ka bar canji a kan kanta.

Abin da ya sa na fifita shi shi ne mutumin da ya haɗa shinkafar yana tsaye a gabanka. Kamar mai tsiren unguwarku ne da ya san yawan yajin da kake so tun kafin ka buɗe baki: zuwa na biyu ko na uku, dattijon ya riƙe cewa kai ba ka cin mirin. Kana iya nuna masa rubutu a waya ka tambaya ko shinkafar na da mirin ko sake, ya ba ka amsa ta gaskiya domin shi ya zuba. Kana iya cewa "shio de", wato da gishiri, sai ya bar nikiri ya yayyafa gishiri da ɗigon lemo, wanda ma ya fi dacewa da farin kifi da ika. Kana iya cewa "wasabi ome de", ya ƙara maka. Naɗin tekka, tuna zalla da wasabi mai yawa, zai buɗe maka hanci yadda ba ka zata ba. Wasu shagunan suna da yuzu kosho ko momiji oroshi, gogaggen farin radish mai jan barkono, da suke ɗorawa a kan farin kifi. Idan ka tambaya cikin ladabi, mafi yawa za su ba ka. Abin da bai kamata ba shi ne ka zaro garin barkononka ka barbaɗa a gabansa ba tare da neman izini ba.

Haɗarin lafiya a nan yana wuyan idon maigidan, tunda kifin sabo ne, ba lallai an daskarar da shi ba. Tsofaffin masu sana'a sun san inda tsutsar ke ɓuya, suna cire kayan ciki da wuri, suna tsattsaga ika da wuƙa. Duk da haka, idan kai sabon shiga ne, ka bar saba da sanma da ika sai gaba, ka fara da tuna da dafaffen jatan lande. Kada kuma ka yi mamaki idan ba ka ga salmon ba. Wasu tsofaffin shagunan ba sa ajiye shi har yau, domin sai da ƙasar Norway ta dage da tallata na kiwo tun tsakiyar shekarun 1980 kafin Japanawa su yarda su ci shi ɗanye.

Wahalarsa ita ce harshe da kunyar buɗe ƙofa. Ka je da rana, tsakanin ƙarfe 11:30 da 1:30, ka ɗaga yatsa ɗaya alamar kai kaɗai ne, ka nuna farantin rana. Wannan ya isa.

Sabon shagon unguwa mai naɗin yaji

A unguwannin matasa irin su Shimokitazawa, da wuraren da baƙi suka yi yawa irin su Roppongi da Shibuya, akwai ƙananan shaguna masu kwalliyar ban mamaki da kiɗa, da ke yin sushi salon Amurka ko salon ƙirƙira. Nan ne za ka sami abin da yawancinmu ke nufi idan mun ce sushi mai yaji: yankakkiyar tuna ko salmon da aka cakuɗa da mayonis da miyar barkono, a naɗe da afokado, wani lokaci a babbake samansa da wuta. Naɗi ɗaya mai guntu shida zuwa takwas yana kai yen 1,000 zuwa 1,800. Zafin barkono ne na gaske, kuma mai kitse, don haka harshen da ya saba da miya mai nauyi yana karɓarsa nan take.

Sai dai abu biyu. Yawancin waɗannan wuraren mashaya ce da abinci a gefe, cinikinsu na dare ne, kuma wasu suna cajin otoshi, ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba, yen 300 zuwa 500 kowane kai. Miyoyinsu kuma haɗe-haɗe ne, mirin na iya kasancewa a kowanne. Mentaiko ma sau da yawa da sake ake jiƙa shi.

Na biyun ya fi damuna. Barkono da mayonis suna rufe wari da launi, wato alamomi biyun da kake gane sabon kifi da su. Naɗin yaji ana yawan yin sa ne da naman da aka kankaro daga ƙashin tuna, wanda a kansa ba laifi ba ne, har Japanawa na son sa. Amma nama kankararre yana da fuska da yawa da ƙwayoyin cuta za su kama. A 2012 irin wannan nama da aka shigo da shi daskararre ya jawo ɓarkewar cutar salmonela a Amurka, mutum 425 a jihohi 28 suka kamu, da yawansu ta hanyar naɗin tuna mai yaji. Daskarewa tana kashe tsutsa, ba ta kashe wannan ƙwayar. Saboda haka ka zaɓi shago mai ciniki, inda kaya ba sa kwana, kuma ka fara neman loma biyu na tuna zalla. Idan ta yi kyau ba ado, naɗin ma zai yi.

Omakase

Ka zauna, maigida ya zaɓa maka, loma bayan loma, kimanin 15 zuwa 20. A Ginza, unguwar masu kuɗi a Tokyo, da makamantanta kuɗin yana farawa daga yen 20,000 ya haura 50,000, sai da ajiyar wuri, wani lokaci wata guda kafin ranar. Shagon Sukiyabashi Jiro, inda firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Barack Obama a 2014, an cire shi daga littafin Michelin mai tantance manyan gidajen abinci a ƙarshen 2019 saboda ya daina karɓar ajiyar wuri daga jama'a kai tsaye. Wasabin na gaske ne, kifin daga kasuwar Toyosu da ta gaji Tsukiji a 2018, aikin hannu ne na shekaru. Amma ga mai neman yaji da halal, shi ne mafi ƙunci. Kusan kowace loma tana zuwa da nikiri a shafe, wasu kifayen an jiƙa su ko an dafa su da sake tun safe, kuma neman barkono a nan cin fuska ne. Idan ka soke zuwa a makare, za a caje ka.

Kantin kayan abinci

Fakiti yen 500 zuwa 1,500, harajinsa kashi 8 maimakon kashi 10 na cin abinci a shago. Da yamma ana manna masa ragi, alamar 半額 tana nufin rabin kuɗi. Fa'idarsa ga Musulmi ita ce kayan haɗin a rubuce suke a jikin fakitin: ka nemi みりん (mirin), da 酒 (sake), da 酒精 (barasa), da 豚 mai nufin alade. A ɗakinka kuma ka zuba yaji son ranka. Shinkafar tana da sanyi da ɗan tauri, kuma akwai lokacin ƙarewa a rubuce, sau da yawa har da sa'a. Ka ci a daren, kada ka ajiye wa gobe, musamman a zafin Yuli da Agusta. Idan kana shirin taho da yajin gida, ka bayyana shi a filin jirgi, kilishi da dambun nama kuma ka bar su a gida: Japan ta haramta shigo da nama ba takardar izini, kuma tun 2020 tarar tana iya kai yen miliyan 3.

| Wuri | Kuɗin mutum ɗaya | Yaji | Tantance halal | Haɗarin ciki | Sauƙi | Jira |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mai bel | yen 1,500–2,500 | wasabi a leda, naka a jaka | da wuya | kaɗan | sosai | ci nan take |
| Tsohon shagon unguwa | rana 1,000–2,000, dare 5,000–10,000 | wasabi, yuzu kosho idan akwai | da sauƙi, ta bakin maigida | ya danganta da kifin | sai da ƙarfin hali | ci nan take |
| Mai naɗin yaji | 3,000–5,000 | barkono sosai | da wuya | matsakaici | da sauƙi | ci nan take |
| Omakase | 20,000 zuwa sama | wasabi na gaske kawai | da wuya ƙwarai | kaɗan | sai da ajiyar wuri | loma ba ta jiran minti |
| Kanti | 500–1,500 | yadda ka so | a rubuce | yana ƙaruwa da jira | sosai | 'yan sa'o'i |

Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa sa ɗanyen kifi a baki ba ya fara da mai bel, inda yen 150 kawai zai yi asara idan abin bai karɓe shi ba. Ya soma da dafaffen jatan lande da naɗin kokwamba, sannan salmon, sannan tuna. Mai iyali da yara ma nan ya fi masa.

Ɗalibi ko ma'aikacin da zai zauna watanni ya nemi tsohon shago ɗaya kusa da gidansa, ya riƙa zuwa da rana har a san shi. Shi ne kaɗai wurin da yaji da halal da ingancin kifi ke haɗuwa a kuɗin da aljihu zai ɗauka.

Wanda barkono ne kawai zai gamsar da shi ya je shagon naɗin yaji da wuri, kafin masu sha su cika shi, ya tambayi abin da ke cikin miyar. Idan ya ƙi yarda da wurin, shagunan Koriya na Shin-Okubo da na Tsuruhashi a Osaka suna yin shinkafa da ɗanyen kifi da jar miyar barkono da ta fi kowane naɗi zafi, kodayake tambayar mirin tana nan a can ma.

Wanda ba ya son ko ɗigon shakka ya nemi shago mai takardar shaidar halal, irin Asakusa Sushi Ken a Tokyo, ya tabbatar takardar tana aiki, ko ya tsaya ga fakitin kanti da ya karanta da idonsa. Ɗan kasuwar da abokin hulɗa ya gayyata omakase ya sanar da mai gayyatar tun ranar ajiyar wuri cewa ba ya cin abin da aka haɗa da sake ko mirin, domin shagon ya shirya ko a sauya wuri.

Mai juna biyu, da tsoho, da wanda jikinsa ba ƙarfi, su tsaya ga dafaffe a ko'ina suka shiga. Ko dafaffen ne ma, ma'aikatar lafiya ta Japan ta shawarci mai juna biyu kada ta wuce giram 80 a mako na manyan tuna irin kuromaguro da mebachi, saboda sinadarin makuri da ke taruwa a jikinsu.